Idan Tunani Ya Sauko Jiki



Akwai maganganun da mu masu harhaɗa magani a zango muka haddace saboda yawan jinsu: "Ba ni maganin ciwon jiki." "Kaina ke sara tun shekaranjiya." "Wuyana ya riƙe." "Gabana ke faɗuwa haka kawai." "Kwana uku ban runtsa ba." Mai maganar yakan zo ya riga ya yanke wa kansa hukunci, ko zazzaɓin sauro ne, ko taifot, ko jini ne ya yi ƙasa. Wani lokacin kuwa haka ɗin ne. Amma sau da yawa an yi gwaji ba a ga komai ba, an sha maganin maleriya har zagaye biyu, ciwo yana nan inda yake. In aka ja mutum gefe aka tambaye shi gida, sai a ji mai gidan da yake haya ya ba shi wata ɗaya ya kawo kuɗin shekara biyu, ko ɗansa ya bi hanyar Libiya an yi wata huɗu ba a ji muryarsa ba, ko jari ya karye ga zubin adashi ya zo. Sai ya rufe da cewa, "Amma wannan ai tunani ne kawai."

A kan wannan "kawai" ɗin muke son mu tsaya. Tunani yana da hanyar da yake bi ya shiga jini da tsoka da ciki, kuma an daɗe da sanin hanyar.

Hanyar da tunani ke bi

Mu ɗauka kana tsallaka babban titin Nima, sai ga babur ya ɓullo ta bayan trotro. Kafin ka san abin da ake ciki ka riga ka yi tsalle. Ƙwaƙwalwa ce ta aika saƙo ta jijiyoyi zuwa wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne bai wuce ɓarin goro ba. Su kuma suka zuba wani sinadari a jini mai suna adirenalin. Nan take zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini suka tsuke, numfashi ya yi sama, hanta ta saki sukarin da ta ajiye, jini ya janye daga ciki ya koma cinyoyi da damatsa. Shi ya sa baki ke bushewa, tafin hannu ya yi gumi, wani ma cikinsa ya kaɗa. Bayan 'yan mintoci sinadari na biyu ya biyo baya, kotisol, wanda aikinsa ya riƙe sukari a sama, ya kuma jingine ayyukan da ba na gaggawa ba, irin gyaran jiki da yaƙi da cuta, har a tsira tukuna.

Wannan tsari rahama ce, ba don shi ba da babur ya kwashe ka. In haɗari ya wuce akwai wasu jijiyoyin da ke maido da komai wurinsa, zuciya ta lafa, yawu ya dawo baki. Sai dai jiki bai san bambanci tsakanin babur da ƙwanƙwasar mai bin bashi ba. Babur sakan biyu ne ya wuce. Bashi kuwa da shi za a kwana, da shi za a tashi, kuma duk lokacin da ya faɗo a rai gaɓoɓin nan biyu sai sun amsa.

Wani likita mai suna Hans Selye, a birnin Montiriyal na Kanada, ya nuna haka tun 1936. Ya sa ɓeraye cikin wahalhalu daban-daban, wasu sanyi, wasu rauni, wasu gudu ba hutu. Da ya duba cikinsu sai ya tarar da abu iri ɗaya: gaɓoɓin kan ƙoda sun kumbura, na garkuwar jiki sun motse, tumbi ya yi gyambo. Wato ko wace iri ce wahalar, in ta daɗe, amsar jiki ɗaya ce.

Ga mai lafiya, kotisol yana hawa da asuba don ya tashe shi, ya yi ta sauka har ya kai ƙasa wajen tsakar dare. Wanda damuwa ta daɗe tare da shi wannan lissafi yakan rikice masa. Dare ya yi ido ya bushe, gari ya waye jiki kamar an yi masa duka.

Wanda ke son ya ga abin da yawan kotisol ke yi da idonsa, ya dubi masu shan deksametason ko firednisolon don su yi ƙiba, abin da muke fama da shi musamman wajen 'yan mata in biki ya matso. Magungunan nan dangin kotisol ne da aka haɗa a masana'anta. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, teɓa ta fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa, sukari da jini su hau, ƙurji ya ƙi warkewa. Abin da damuwa ke yi bai kai haka tsanani ba, amma hanyar ɗaya ce, a hankali take binta. (Wadda ta daɗe tana shan su kada ta yanke rana ɗaya, yin haka na iya kayar da ita. Ta zo a tsara mata yadda za ta rage.)

Hawan jini, da kuskuren da ke kashe mana mutane

A zango kowa ya yarda tunani na kawo hawan jini, kuma akwai gaskiya a ciki. Jini na hawa a lokacin ɓacin rai, in abin ya zama kullum hanyoyin jini sukan saba da tsukewa. A 2004 an wallafa wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52, har da na Afirka, a kan mutanen da jijiyar zuciyarsu ta toshe farat ɗaya. An ga waɗanda suka ce suna cikin matsi na dindindin, a gida ko wurin aiki, haɗarinsu ya kai kimanin ninki biyu na waɗanda ba sa ciki.

Amma daga wannan gaskiyar mutanenmu suka ciro wata fatawa mai haɗari: tunda tunani ne ya kawo shi, in hankali ya kwanta sai a ajiye magani. Hajiya ta aurar da 'yarta lafiya, ta ce jininta ya sauka. Alhaji ya biya bashin, ya daina shan amlodifin. Bayan wata uku ko huɗu a ji an kwashe shi zuwa Korle Bu ko Komfo Anokye, ɓarin jiki ya shanye.

Hawan jini sanadinsa da yawa: gado, shekaru, gishiri, ƙiba, ciwon ƙoda, rashin motsi. Damuwa ɗaya ce daga ciki. In ya riga ya zauna, kwanciyar hankali za ta taimaka masa amma ba za ta kore shi ba, kuma mafi yawan masu shi ba sa jin komai a jikinsu. Ciwon kai ba ma'auni ba ne. Wani kansa na sara jininsa daidai, wani yana raha a majalisa jininsa ya haura 180. Na'ura ce kaɗai ke faɗin gaskiya. In an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko fiye, wannan hawan jini ne, ko da tunani ko babu. Mai rage magani ko canza shi likita ne, bayan ya ga lambobin.

Masu ciwon suga su ma su lura. Sukan zo da mamaki, "Ban ci komai ba, amma ya hau." Ai ba sai an ci ba, hanta na da nata ajiyayye, kuma kotisol ke ba ta umarnin ta sake shi. Makon rasuwa ko makon rigima a gida, mai suga ya ƙara yawan awo.

Batun olsa kuma yana son gyara. An daɗe ana cewa tunani da yunwa ke kawo ta, har wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce da ke zama a tumbi take haddasa mafi yawanta. An ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwada wannan ƙwayar cutar a nan ƙasar, ana kuma kashe ta da magani na kamar mako biyu. Damuwa na ƙara zafin ciki da kumburi da ƙwarnafi, tana sa wani gudawa wani kuma cikinsa ya ɗaure. Amma wanda ya yi shekara biyar yana shan farin ruwan olsa yana cewa tunani ne, ya je a gwada shi.

Sauran alamun kun san su. Tsokar wuya da kafaɗa da ƙugu ta ɗaure, kai ya yi kamar an naɗa masa rawani an matse. Mura ta yi ta dawowa. Mace al'adarta ta rikice. Namiji ya ga ƙarfinsa ya ragu, ya rasa wanda zai gaya wa, ya koma wajen masu kwalabe a tasha, wannan kuma ya zama sabon tunani a kan na da.

Abin da ake saye don a samu sauƙi

A ganinmu, rabin ɓarnar da damuwa ke yi ta hannun abubuwan da ake sha don a kore ta take zuwa.

Mu fara da maganin ciwon jiki. Diklofenak da ibufurofen da danginsu suna da amfani na 'yan kwanaki. Shan su kullum yana ɗaga jini, yana rage ƙarfin maganin hawan jini, yana cin tumbi, yana lalata ƙoda a hankali. Dattijo mai hawan jini da ke haɗiyar su kowace safiya don gwiwa da baya yana rushe abin da yake ginawa da ɗaya hannun. Farasitamol ya fi sauƙi, amma shi ma yana da iyaka: babban mutum mai lafiya kada ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a yini da dare, kuma a sani yawancin magungunan mura da haɗe-haɗen ciwon jiki akwai shi a ciki. Ƙullin ƙwayoyi kala-kala da ake sayarwa a leda ba suna ba kwanan wata, wannan kam a bar shi.

Sai maganin barci. Diyazefam, wanda aka fi sani da baliyam, yana kwantar da mutum daren farko da na biyu. Cikin 'yan makonni jiki ya saba, ɗaya ta daina isa, in babu kuma barci ya gagara fiye da da. Ga tsofaffi yana kawo jiri da mantuwa da faɗuwa a hanyar bayan gida da dare, karayar ƙugu ga mai shekara 70 kuwa ba ƙaramin abu ba ne. In muka hana ku shi ba tare da takardar likita ba, ba rowa ba ce.

Na samarinmu ya fi ciwo. Tiramadol da hukumar kula da magunguna ta yarda da shi mai lamba 50 ne da 100, a kan takardar likita. Wanda ke yawo a lungu 120 ne, da 225, da 250. A 2018 gwamnati ta tsananta doka a kansa, ta kuma hana maganin tari mai kodin, amma kasuwar ba ta mutu ba. Ɗan okada ko mai aboboya ko yaron mota yakan fara ne don ya jure aiki, ko don ya manta ya gama makaranta shekara huɗu babu abin yi. In ƙwayar ta sake shi sai fargaba da gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, wato ita ke haifar da abin da ake sha don a gudu daga gare shi. Yawanta na kawo farfaɗiya, haɗa ta da baliyam ko giya na iya tsayar da numfashi. Iyaye, duka da ɗauri da mari ba sa cire ta daga jini. Ciwo ne da ake jinyarsa a asibiti.

Akwai kuma waɗanda ba ma ɗauka magani ne: ataya, goro, kofi, da lemukan gwangwani na ƙarin kuzari. Duka akwai kafeyin a ciki, kuma aikinsa a jiki ya yi kama da na adirenalin. Bayan awa biyar da sha, kusan rabinsa na nan a jini. Wanda ya zauna zagaye uku na ataya bayan isha, ga sukari kamar zuma, ya zo da safe yana neman maganin barci da na faɗuwar gaba, ai ya san inda za mu fara. Ba mu isa mu raba dattijon zango da goro ba, kakanninmu da yawa fataucinsa ne ya kawo su Salaga da Kumasi. Roƙonmu a tsaya da shi daga la'asar.

To, me za a yi?

Ba za mu ce muku "ku daina tunani" ba. Wanda aka yi wa wa'adin tashi daga ɗaki, faɗa masa haka cin fuska ne. Abin da ke damun mutanenmu na gaske ne. A watan Disamba 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari, jarin mata da yawa a lokacin ya narke bai dawo ba. Ga cunkoson gidan haya, mutum takwas a ɗaki, ga layin bayan gida da asuba. Ga fargabar damina ga waɗanda ke bakin kwata. Ga tsayawa neman takarda ana tambayarka asalin kakanka saboda sunanka, abin da ke tuna wa dattawanmu korar baƙi ta 1969. Babu ƙwayar da ke maganin waɗannan.

Abin da ake iyawa shi ne a ba jiki lokutan da zai sauka, a kuma rage nauyin inda yake raguwa.

Tunanin dare yawanci zagaye yake yi, abu ɗaya ake ta juyawa ba a kai ƙarshe ba. Yana da kyau mutum ya zauna da rana, shi kaɗai ko da wanda ya yarda da shi, ya raba damuwarsa biyu: wadda ke da ƙofar da za a ƙwanƙwasa, da wadda sai addu'a da jira. Ta farkon a sa mata rana. Mai bin ka bashi, gara ka je ka same shi tare da dattijo ɗaya a tsara biya kaɗan-kaɗan, da ka yi wata uku kana canza hanya kana kashe waya. Maganar haya kuma, mutane da yawa ba su san dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida ba, kuma akwai ofishin kula da haya da ake kai ƙara. Mun san yadda abin yake a aikace, masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa. Duk da haka, wanda ya san doka in ya je roƙo tare da liman ko sarki, bakinsa ya fi nauyi.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rufin asiri abu ne mai kyau. Sai dai mun wuce da shi gona da iri. Magidanci ya yi shekara yana ɗauke da abin da ko matarsa ba ta sani ba, sai ranar da ya faɗi a ji. Ba a ce ka baza sirrinka a majalisa ba. Mutum ɗaya ya isa, mai riƙe magana. Masu sauraro kuma, "yi haƙuri" tana da lokacinta. In aka faɗe ta tun kafin mutum ya gama magana, ma'anarta "yi shiru". A bar shi ya kai aya tukuna.

Barci shi ne babban abin da ke maido da lissafin kotisol. Babba na buƙatar awa 7 ko fiye. Mun san iyayenmu masu wake da shinkafa da masu koko da ƙosai tun ƙarfe biyu ko uku suke hura wuta, ga masu gadi da ke kwana a tsaye. Su kam sai dabara: a kwanta da wuri bayan isha, a yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar, a riƙe lokaci ɗaya kullum. Waya ta kwana nesa da matashin kai. Labarin rasuwa da rigimar dangi a WhatsApp za su iya jira har gari ya waye.

Tafiya da ƙafa ita ce ke ƙone sukarin da adirenalin ya tanada don gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da za ka ji numfashi ya ɗan ƙaru amma kana iya magana. Mata su haɗu biyu ko uku bayan asuba, ga tafiya ga hira. Dattijo ya zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa ko da sau ɗaya a rana. In muka zo kan abinci, magana ɗaya za mu yi a wannan fitowar: gishirin yini duka kada ya kai cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi da kobi da momoni da shito duk a cikin lissafin suke.

Akwai wani abu ƙarami da ke aiki nan take. Fitar da numfashi a hankali yana taɓa jijiyar da ke rage gudun zuciya. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, sake ta kana ƙirga shida, ka yi haka minti biyar. Mu Musulmi an riga an yanka mana wuraren yin haka sau biyar a rana. Wanda ya yi sallarsa da natsuwa, ya zauna ya yi tasbihi ba gaggawa maimakon ya sallame ya zabura, jikinsa ma ya samu rabonsa.

Wani nauyin kuma mu ne muke ɗora wa juna. Biki ɗaya yayi kala uku, ga gudummawa, ga suna, ga sadakar bakwai da ta arba'in, kowa na tsoron a ce ya gaza. Mun san matan da hawan jininsu ke bin kalandar bukukuwa. Sai lasifika har ƙarfe biyun dare a unguwar da jariri da mara lafiya da mai tashi ƙarfe uku suke bango ɗaya da wurin. Waɗannan ba aikin likita ba ne. Aikin sarakuna ne da limamai da magajiyoyi da shugabannin samari na bes-bes, kuma in suka yi magana da murya ɗaya za a ji.

Lokacin da ya wuce na gida

In mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, abin da yake so da ya daina burge shi, abinci da barci sun rikice, ya daina fita, yana ganin kansa ba shi da amfani, wannan ciwo ne mai suna da magani. Haka mai jegon da ke ta kuka ba dalili, ko take jin ba ta son ɗaukar jaririn. Ba raunin imani ba ne. Suratu Yusuf ta ba mu labarin yadda baƙin ciki ya taɓa idanun Annabi Yakubu, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah (SAW). A yi addu'a, a je wajen malam, a kuma je asibiti, ɗaya bai hana ɗaya ba. Ba sai an kai mutum Pantang ko Ankaful ba. Asibitocin gundumomi da na unguwanni suna da nas-nas da aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Magungunan wannan ciwo sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin bambanci, kada a yar da su a kwana biyar.

Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a rufe shi da faɗa. A zauna da shi, a kawar da magunguna da guba daga kusa, a kai shi asibiti ranar. Tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don haka babu batun 'yan sanda.

Akwai kuma ranar da bai halatta a ce "tunani ne" ba. Ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, musamman in yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, da gumi da ƙarancin numfashi. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ko da ya sake bayan minti goma. A kira 112 ko a nemi mota nan take, kada a tsaya shafa mai ko jiran wani ya dawo daga kasuwa. Gaskiya ne fargaba zalla na iya kawo ciwon ƙirji da bugun zuciya har mutum ya ji kamar zai mutu, ta kuma lafa cikin mintoci. Amma likita ne zai faɗi haka bayan ya duba. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna kawo faɗuwar gaba, kuma gwajin jini ke nuna su.

Mai zuwa awon jini, ko wurinmu ko asibiti, ya bar goro da shayi da taba rabin awa kafin nan, ya yi fitsari, ya zauna minti biyar ya jingina baya, kada ya yi magana lokacin da ake awon. Ya samu ɗan littafi yana rubuta lamba da kwanan wata, ya duba ko katin inshorar lafiyarsa bai mutu ba, domin maganin hawan jini da na suga suna cikin waɗanda take ɗauka. Ya kuma zuba duk abin da yake sha a leda ya zo da shi, na asibiti da na tasha da na gargajiya, har wanda ɗa ya aiko daga Jamus ko Saudiyya, mu duba tare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.